Yadda Injiniya Ya 'Yanta Wayar Matarsa

"Duk wayar da aka ƙera a duniyar nan," in ji Injiniya, "ku ba ni minti goma da kofin shayi, zan sa ta manta sunan kamfanin da ya haife ta."

A shagon Mai Aski ya yi wannan magana, yana zaune a kan benci ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, tumbinsa ya yi zamansa daban a kan cinya. Ba a makaranta ya samo sunan Injiniya ba. Fanka yake gyarawa da dutsen guga a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya. Shekarun baya ne ya gyara fankar Mai Aski ta koma juyawa da baya, tana zuƙe iskar ɗaki tana kai wa silin, ya ce ai haka ake yayi yanzu a ƙasashen da suka ci gaba. Tun ranar 'yan layin suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya kira mai fenti ya rubuta masa shi a allon shago.

Ilimin waya kuma a jiya ya same shi. Wani bidiyo ya kalla mai tsawon minti goma sha biyu, ya kai minti na huɗu data ta ƙare. Abin da ya ji a minti huɗun nan ya ishe shi wa'azi.

"Kun san kowace waya tana da wata ƙofa can ciki?" Ya dubi Direba da Mahauci da ke jiran layin aski. "Butloda ake ce mata. Wanda ya buɗe ta shi ne mai waya na gaskiya, ya cire abin da ya ga dama, ya zuba abin da ya ga dama. To kamfani ya garƙame ta ya sa makullin a aljihu. Kai Direba, a ce ka sayi gida ka biya, a miƙa maka makullin falo a ce ɗakin ciki na magini ne, za ka yarda?"

"Wallahi sai an ji mu da shi," in ji Direba.

"To haka aka yi maka a wayarka, kana ta dariya."

Mai Kemis, wanda shagonsa ke jikin na Mai Aski, yana tsaye a bakin ƙofa. Irin mutanen nan ne da ke karanta takardar cikin kwalin magani har ƙasa. Ya gyara tabarau ya ce, "Maganarka da gaskiya a ciki, Injiniya. Wayar wa ka taɓa buɗewa?"

"Ba na ƙirgawa."

"Ko ɗaya ka faɗa mana."

"Gobe war haka za ka ga ta matata."

Matarsa tela ce, kuma ba ta wasa ba. Tana da wata al'ada a wajen aiki: in tana awo, hannu ɗaya na riƙe da tef, ɗayan na danne shi a kafaɗar mutum, ba ta da hannu na uku da za ta riƙe biro. Sai ta ajiye waya a kan keken ɗinki, ta danna ɗaukar murya, tana aunawa tana faɗa: "Direba. Wuya sha shida, kafaɗa sha takwas, ƙirji arba'in da biyu." Ranar yanka sai ta kunna ta saurari kanta. A makon nan ta samu aikin da bai taɓa zuwa hannunta ba: ƙungiyar masu shagunan layin, mutum goma sha biyu har da mijinta, za su ɗinka riguna iri ɗaya don hoton da za a kafa a ofishin ƙungiya nan da mako uku. An kawo yadi daidai wa daida, ba rarar ko inci ɗaya. Almakashi ya yi kuskure sau ɗaya, shi ke nan.

Wayar kuwa ta ishe ta. Tana cikin sauraron awo sai talla ta faɗo da kiɗa, wani mutum ya hau ihu: "Maganin rage tumbi! Kwana bakwai kacal!" Ta yi ta yi ta goge manhajar da ke kawo shi, wayar ta ce ba a gogewa.

"Maman yara, ba ni wayar nan in 'yanta miki ita," in ji Injiniya da ya dawo cin abincin rana.

Ta ɗago daga kan keke, fil biyu a bakinta. Ta cire su ɗaya bayan ɗaya. "Baban yara, awon mutanen layi kaf yana ciki."

"Wa ya ce zan taɓa awo? Ƙofa zan buɗe."

"Haka ka ce ranar dutsen gugata."

"Wannan laifin wuta ne."

Ta ce ya bari sai da safe, yau tana da aiki da ita.

Washegari shagon Mai Aski ya cika. Injiniya ya karɓi shayinsa, ya shiga saitin waya, ya dinga danna wani layin rubutu kamar yadda mai bidiyo ya yi. A dannawa ta bakwai wayar ta rubuto cewa yanzu ya zama masanin haɗa manhaja. Ya miƙe tsaye ya zagaya da ita gaban kowa.

"Mai Kemis, kai ne mai karatu. Me ta ce?"

"Ta ce ka zama masani."

"Ni na roƙe ta? Da kanta ta gane ni."

Daga nan hanya ta fara hawa tudu. Wayar ta ce sai an buɗe asusu da kamfani. Ya buɗe. Ta ce sai an haɗa asusun da layi. Ya haɗa. Ta turo lamba, kafin ya gama kwafa lambar ta mutu. Ta turo wata. Shayi ya huce, Mai Aski ya gama kai huɗu, Mahauci ya je ya sallami masu saye ya dawo. A ƙarshe rubutu ya fito ƙarara: a dawo bayan awa ɗari da sittin da takwas.

"Minti goman ne ya kumbura haka?" in ji Mahauci.

Mai Kemis ya ƙirga da yatsu. "Mako guda ke nan cif."

Injiniya ya kifa wayar a cinya, ya yi gyaran murya. "Wa'adi na ba su. Ni ba na yi wa mutum ba-zata. Kwana bakwai su je su yi shawara, su miƙo makulli da mutuncinsu."

Haka layin ya kwana shida yana jiran kamfani ya gama shawara. Kullum da hantsi Injiniya ya karɓo wayar daga kan keken ɗinki, ya zo ya karanta wa jama'a awannin da suka rage kamar mai karanta labarai. Direba har ya fara cewa a sa tasa a layi. Mai Shayi ya ce tasa ma ta cika surutu. A rana ta shida saura awa ashirin da biyu, haƙuri ya gaza wa Injiniya. Ya ce a ransa bari ya fita daga asusun ya sake shiga, ƙila a ɗauka wani babban mutum ne ya zo. Ya fita, ya shiga. Wayar ta rubuto: awa ɗari da sittin da takwas.

Da ya yi shiru da abin ya wuce. Amma Injiniya ya ce zai kira kamfanin a gaban kowa, ya kuma buɗe murya don a ji yadda ake magana da manya. Aka sa masa kiɗa na minti goma sha huɗu, sannan wata mata mai sanyin murya ta ɗauka.

"Baiwar Allah, wayar nan da kuɗinmu muka saya ko aro kuka ba mu?"

"Taku ce, yallaɓai, kuma kana da damar buɗe ta."

"Kun ji ko! Sun amsa!"

"Sai dai na ga ka fita daga asusunka yau da safe, shi ya sa lissafin ya koma farko."

Mahauci ya tuntsire da dariya har yana dukan benci. Injiniya ya ɗaga masa hannu, ya matso da wayar bakinsa. "Wato dai ƙarin mako guda kuke roƙo."

"A'a yallaɓai, kai ne za ka jira."

"Na ba ku. Amma daga shi ba ƙari."

"Sannan ina so ka sani, in ka buɗe, garanti ya faɗi, kuma duk abin da ke cikin..."

Ƙit, ya katse. "In ka bar su suna magana sai su raina ka," ya ce.

"Da ka bari ta ƙarasa," in ji Mai Kemis.

"Ta ƙarasa me? Kuka za ta fara."

Ranar Litinin ta makon ƙarshe wa'adi ya cika da gaske. Injiniya ya sa rigarsa mai aljihu huɗu, ya saka sukuddireba a kowane aljihu, ko da yake aikin ba ya buƙatar ko ɗaya. Mai Kemis ya kawo kwamfutarsa bayan an sha roƙo, ya ajiye a kan teburin aski tsakanin hoda da buroshi. Aka jona wayar da igiyar caji. Har masu wucewa suka tsaya suna leƙe ta taga. Fuskar wayar ta yi baƙi, wani jan rubutu ya fito.

"Tsaya," in ji Mai Kemis, ya sunkuya. "Cewa ta yi duk abin da ke cikin wayar zai goge. Hotuna, lambobi, muryoyi, komai."

"Barazana ce. Haka suke yi wa talaka don ya ja da baya."

"Ka kwafe kayan Anti a wani wuri?"

"Likita, kai da allura aka san ka. Bar wa masu abu abinsu."

Ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, ya sauke shi a kan maɓalli. Wayar ta mutu, ta farfaɗo, ga hoton kwaɗo a buɗe a saman fuskarta. Shago ya kaure da tafi. Direba ya ɗaga hannun Injiniya kamar wanda ya ci dambe, Mai Shayi ya kawo kofi kyauta.

Sai da hayaniya ta lafa Injiniya ya lura wayar tana yi masa barka da zuwa, tana tambayar wane harshe yake ji, kamar yau aka ciro ta daga kwali. Ya juya wa jama'a baya ya shiga wurin muryoyi. Fayau. Ya fita ya sake shiga. Fayau. Ya girgiza ta, ya hura mata iska a gindi kamar yadda yake yi wa fanka. Can wayar ta yi motsi, sai kiɗa ya tashi: "Maganin rage tumbi! Kwana bakwai kacal!"

"A'a, ba shi aka kora ba?" in ji Mai Aski.

"Sallama ya zo yi," in ji Injiniya, ya cusa wayar a aljihu.

A gida ya ce wa matarsa wayar na buƙatar hutun kwana biyu, kamar wanda aka yi wa tiyata. Ta ce Laraba da safe za ta fara yanka. Ya ce kafin nan ta warke. Ta ce Allah ya ba ta lafiya, ta ci gaba da taka keke.

Mutum goma sha ɗaya, kwana biyu, kuma ba wanda zai sani. Injiniya ya yanko igiyar wata matacciyar fanka, ya naɗe a hannun riga. Dabararsa ita ce ya auna mutum da igiya, ya danne wurin da farce, ya ruga shago ya gwada a jikin rula ya rubuta.

Da Mahauci ya fara. Ya same shi yana sara ƙashi, ya buɗe hannuwa ya rungume shi ta baya. "Ɗan'uwa, na yi kewarka!"

"Kewar lafiya? Ba ɗazu muka sha shayi ba?"

"Zumunci ba ya jiran lokaci." Hannuwansa suka ƙi haɗuwa a gaban Mahauci, igiya ta zame, sai ya ƙiyasta sauran da ido.

Direba kuma ya tambaye shi ta ina ake zuwa filin jirgi. Direba ya miƙa hannu ya nuna, Injiniya ya shimfiɗa igiya daga kafaɗa zuwa wuyan hannu. Bai samu daidai ba, ya ce ta ina ake dawowa. A tambaya ta huɗu Direba ya taɓa masa goshi ya ce ko zazzaɓi ne.

Mai Aski ba ya tsayawa wuri ɗaya sai in yana aiki, don haka Injiniya ya zauna aski. Zaman farko ya samu ƙirji. Ya dawo bayan awa guda ya ce a ƙara ragewa, ya samu kafaɗa. A zama na uku babu sauran abin ragewa, Mai Aski ya sa reza ya yi masa ƙwal, kai na sheƙi kamar sabon kwano.

Mai Kemis ne ya kusa jawo 'yan sanda. Yana sunkuye yana jera kwalabe, Injiniya ya lallaɓo ya zarga masa igiya a wuya. Mutumin ya kurma ihu, kwalabe suka tarwatse, mata biyu da suka zo sayen maganin tari suka fita da gudu suna kiran jama'a.

"Sauro ne a wuyanka," in ji Injiniya.

"Da igiya ake kama sauro a gidanku?"

Zuwa yammacin Talata ya haɗa lambobi. Waɗanda bai samu ya auna ba ya duba su daga nesa ya yanke musu hukunci. Ya zauna a shago ya rubuta komai a cikin wayar, suna da lamba, suna da lamba. Da ya ƙirga ya ga goma sha ɗaya, sai ya tuna ai shi ma ɗan ƙungiya ne. Ya ɗauko igiya zai zagaya cikinsa, ya duba abin da rula ta ce, ya ga rular nan ta tsufa. Ya rubuta a saman jerin: Injiniya, ƙirji arba'in da shida, ciki talatin da biyu.

"Maman yara, ga wayarki ta warke. Kin san wani abu? Tunda ta samu 'yanci ta daina ajiye murya. Da kanta ta saurari duk abin da kika faɗa ta mayar da shi rubutu."

Ta karɓa, ta bi jerin da yatsa a hankali tun daga sama har ƙasa. Gefen bakinta ya ɗan motsa. "Ikon Allah. Duk wannan daga muryata?"

"Kalma bayan kalma."

"Ba ka taɓa ko lamba ɗaya ba?"

"Ni da awo? Me na sani a ciki?"

"Gaskiya ne," ta ce, ta ɗauki almakashi.

Kwana uku Injiniya yana jin ƙarar almakashin nan a gida. Ranar Asabar da hantsi aka jera kujeru a gaban shagunan, mai hoto ya kafa kyamararsa, matar Injiniya ta iso da riguna a goge, kowace da sunan mai ita a jikin takarda. Injiniya ya tsaya kusa da lungu, inda gudu zai yi sauƙi.

Mahauci ya sa tasa, ta zauna ɗas. Direba ya miƙa hannuwa, daidai wuyan hannu. Mai Kemis ya ɓalla maɓallin wuya ya juya kai hagu da dama ya ce bai taɓa sa riga mai daɗin wannan ba. Mutum goma sha ɗaya, ba wadda ta yi kuskuren rabin inci.

Injiniya ya baro lungu. Ƙirjinsa ya dawo, muryarsa ta dawo. "Kun gani? Aikin 'yantacciyar waya ke nan! Awon nan da kuke sanye da shi, ita ta saurara ta rubuta, ba hannun ɗan'adam a ciki. Wa ya ce barazana ba barazana ba ce? Likita, ina jan rubutunka?"

"Baban yara, ga taka," in ji matarsa.

Ya zura hannu. Kafaɗun rigar suka zubo masa har gwiwar hannu kamar ya ari ta ɗan dambe. Ya ɓalla maɓalli na farko, na biyu. Na uku ya tsaya yana hangen raminsa daga nesa, tumbi ya raba su kamar masu faɗa. Ya zuƙe ciki, ya ja, ya ɓalla da ƙyar. Ya saki numfashi, maɓallin ya yi tsalle ya bugi kyamarar mai hoto.

"Kin yi kuskure a tawa," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ni? Abin da waya ta rubuta na bi." Ta ciro wayar ta miƙa wa Mai Kemis. "Likita, karanta mana, kai ne mai tabarau."

Mai Kemis ya gyara tsayuwa. "Injiniya, ƙirji arba'in da shida, ciki talatin da biyu." Layi ya ɗauki dariya. "Mahauci, ƙirji sittin da tara. Direba, hannun dama ashirin da uku, hannun hagu talatin da ɗaya. Mai Kemis, wuya tara." Ya shafa maƙogwaronsa. "Ashe sauron nan awo ya zo yi."

"Au, kewar da aka yi mini ke nan?" in ji Mahauci.

"Filin jirgi!" in ji Direba, ya zauna a ƙasa don dariya.

"To ya aka yi namu suka yi daidai, Anti?" Mai Aski ya tambaya.

"Shekara goma sha tara nake auren mutumin nan. Ranar da ya ce zai 'yanta mini waya na ce ya bari sai da safe, na zauna na kwafe awonku da alli a bayan ƙofar ɗakin ɗinki. Kullum ta gefensa yake wucewa." Ta juyo ga mijinta. "Maganarka ta farko gaskiya ce, Baban yara. Da kuɗina na saya, bai kamata kamfani ya riƙe mini makulli ba. Amma da suka saki makullin, ban ga ka kawo mini ba. Kai ka shige ɗakin ka share shi tas."

"Wayar ce ta ɗan yi kuskuren ji," in ji Injiniya, yana riƙe gaban riga da hannu biyu. "Kin san sabon 'yanci. Muryarki ta saurara, wataƙila lokacin da kike faɗin nawa akwai ƙarar keke..."

"Lokacin da nake faɗin naka?"

"Eh mana."

"Mutum goma sha ɗaya na ɗauka a murya. Kai ban taɓa sa maka tef ba, da ido nake yanka maka tun kana siriri. A bakin wa ta ji talatin da biyu?"

Injiniya ya buɗe baki. Ya dubi Direba, ya dubi sama, ya shafa ƙwalƙwal ɗin kansa. Kafin ya samo amsa wayar ta yi kiɗa a hannun Mai Kemis, mutumin nan ya kwarara ihu har ƙarshen layi: "Maganin rage tumbi! Kwana bakwai kacal!"

"Karɓi, Injiniya," in ji Mai Kemis, ya miƙa masa. "Wannan kiran naka ne."